Kano ta yi magana da ɗan sama jannati a 1962, amma wa ya ajiye labarin?

Bidiyoyin tuna baya sun cika TikTok da Facebook. Yau a nuno saukar Apollo 11 a duniyar wata, gobe a nuno Super Mario na 1985, jibi a nuno 'yan wasan Star Trek riƙe da wata na'ura mai kama da wayar da ake naɗewa. Matashin da ke zaune a rumfar caji a Mawashi, ko a bakin tashar Kankia, zai kalla a wayar abokinsa kafin tasa ta cika, ya yi dariya, ya wuce. Abin da zai tafi da shi a ransa shi ne cewa duk wannan tarihin Turawa ne, nan ƙasar kuwa sai da GSM ta zo a 2001 aka shiga sahu.

Wannan fahimta kuskure ce. Arewacin Najeriya na da hannu dumu-dumu a wasu daga cikin abubuwan da duniya ke tunawa da su a fagen tafiya sararin samaniya da talabijin da kiɗa. Abin da ya faru shi ne ba a ajiye shaidar a inda yaron ƙauye zai gan ta da harshensa ba. Kuma sakacin da ya ɓatar da na jiya bai tafi ko'ina ba, yana nan yana cin na yau a cikin memorin da ke aljihun kowa.

Ranar da aka hango ƙurar Kano daga sama

Ranar 20 ga Fabrairu 1962, John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya a cikin kumbo. Kumbon nasa, mai suna Friendship 7, ya zaga duniya sau 3 cikin ƙasa da awa 5. A wancan lokaci babu taurarin ɗan'adam da za su riƙa ɗaukar murya daga wannan nahiya su miƙa wa waccan. Rediyon kumbo sai tashar da ke hango shi kai tsaye take iya kamawa, kuma da yake yana gama zagaye ɗaya cikin kusan minti 90, kowace tasha 'yan mintuna kawai take samu kafin ya sulale ya ɓace mata. Saboda haka hukumar NASA ta jera tashoshi a faɗin duniya, wasu a tudu, wasu a kan jiragen ruwa, wannan na saki waccan na kamawa. Ɗaya daga cikin tashoshin nan tana Kano, wata kuma tana Zanzibar.

Da Glenn ya shigo sararin Afirka a zagayen farko, ya shaida wa tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa. Ma'aikatan tashar suka amsa masa cewa ai iska ta yi ƙarfi duk satin nan. Duk wanda ya taɓa yin watan Fabrairu a Kusada ya san irin ƙurar da ake magana a kai. Hazon hunturun da ke tsaga leɓe da dunduniya ya shiga rubutaccen tarihin tafiya sararin samaniya tun ranar.

Bayan shekara ɗaya da rabi, ranar 23 ga Agusta 1963, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi waya da shugaban Amurka John Kennedy ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2. Muryar ta bi ta wani jirgin ruwan Amurka, Kingsport, da aka girke a tashar jiragen ruwa ta Legas. Wannan ne karo na farko da shugabannin gwamnatoci biyu suka yi magana kai tsaye ta tauraron ɗan'adam. Syncom 2 shi ne tauraron sadarwa na farko da aka ɗora a nisan kimanin kilomita 36,000, inda tauraro ke kewaya duniya sau ɗaya a awa 24. A irin wannan nisa ne taurarin da kwandunan gidajen kallon ƙwallo ke fuskanta suke a yau, shi ya sa da an saita kwando sau ɗaya ba a ƙara juya shi.

Daga baya Najeriya ta mallaki nata. An harba NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumba 2003. An harba NigComSat-1 daga Sin a Mayu 2007, ya daina aiki a Nuwamba 2008 saboda matsalar farantan da ke ba shi wuta daga hasken rana, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamba 2011. A Agusta na wannan shekara ta 2011 aka harba NigeriaSat-2 tare da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa da hannunsu a lokacin da suke samun horo a Ingila. A je a tambayi 'yan aji uku na babbar sakandare a Kankia ko sun taɓa jin ɗaya daga cikin waɗannan ranaku. Ba laifinsu ba ne in suka yi shiru.

Ɗan Musawa da kumbo

A Yuli 1969, lokacin da Neil Armstrong ya taka duniyar wata, Najeriya na tsakiyar yaƙin basasa. Mafi yawan mutanen Arewa ta akwatin rediyo suka ji labarin. Duk da haka bai wuce su kamar labarin wata uwa duniya ba. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa da ke nan kusa da Kankia, ya yi wa tafiyar waƙa da kalangu, wadda aka sani da Kumbo Apollo 11. Mawaƙin da ke yi wa sarakuna da attajirai da direbobi waƙa ya ga cewa wannan ma magana ce da ta dace da kunnen Bahaushe, kuma Bahaushe ya saurara.

A cikin wannan shekara ta 1969 aka buga littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro da ya yi tafiya sararin samaniya. Masana adabi na sa shi a sahun farko na ƙagaggun labaran kimiyya da Hausa. Kalmomin da ake amfani da su har gobe, irin su kumbo da ɗan sama jannati da tauraron ɗan'adam, ba aro su aka yi daga Turanci ba. Hausawa ne suka dubi sabon abu, suka raɗa masa suna daga rumbun harshensu.

A ƙetaren iyaka kuma, a Jamhuriyar Nijar, Mamman Sani Abdoulaye ya naɗi kiɗa da molon lantarki mai madannai a gidan rediyon ƙasa a 1978, a daidai shekarar da wasan Space Invaders ya fito a Japan. 'Yan Nijar sun daɗe suna jin kiɗansa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, amma kaset ɗin da aka buga ba su da yawa. Sai da wani Ba'amurke mai binciken kiɗan Sahel, Christopher Kirkley, ya ci karo da kwafi ɗaya a gidan tarihi na Yamai, sannan kamfaninsa Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013. Da wannan kaset ɗaya ya lalace, da magana ta ƙare.

BBC ta goge, Jos ta ajiye

Labarin da ya fi nuna yadda abin yake ya faru ne a Jos. Shirin Doctor Who, wanda BBC ta fara nunawa a 1963, yana cikin shirye-shiryen ƙagaggen labarin kimiyya mafi daɗewa a talabijin. A shekarun 1960 da 1970 faifan ɗaukar hoto na da tsada, don haka BBC ta riƙa goge tsofaffin shirye-shirye tana naɗar sababbi a kai. Kashi da dama na Doctor Who suka ɓace ta haka. Amma kafin a goge, an riga an sayar da kwafin wasu ga gidajen talabijin na ƙasashen waje, ciki har da na Najeriya.

A Oktoba 2013 aka sanar cewa wani Bature ɗan Ingila mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya gano kashi 9 da ake zaton sun ɓace har abada a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Gwangwanayen fim ne na 1967 da 1968 da suka shafe shekaru suna kan kanta. Aka kwashe su zuwa Ingila, aka gyara, aka sa su kasuwa a iTunes, masoya shirin suka yi rububin saye.

Abin lura a nan shi ne ba tsari ne ya ceci waɗannan fina-finai ba, sa'a ce. Ba wanda ya zubar da su, shi ke nan. In har shirin Turawa ya tsira a Jos da sa'a, ina labarin na gida? Wasannin kwaikwayon Samanja na Usman Baba Pategi, da na Ƙasimu Yero, da na Karkuzu, su ne suka riƙa tara unguwa guda a gaban talabijin ɗaya. Mai neman su a YouTube yau zai fi cin karo da guntaye masu dishi-dishi, babu shekara, babu sunayen 'yan wasa, babu bayanin tashar da ta ɗauka. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja ya rasu a 2023. Duk tambayar da ba a yi musu ba ta bi su.

Kada a ɗauka wannan cuta ta talaka ce kawai. A 2009 NASA da kanta ta amsa cewa ainihin faifan da suka naɗi hotunan takun farko a duniyar wata an goge su an sake amfani da su. Abin da ya tsira daga Apollo 11 ya tsira ne saboda wasu sun damu. Umarnin da aka rubuta wa kwamfutar kumbon, aikin da Margaret Hamilton ta jagoranci wani babban sashe nasa, an ajiye shi a takarda, masu sha'awa suka bi shi layi-layi suka kwafe, a 2016 aka ɗora shi a GitHub. Yau duk mai koyon rubuta manhaja a Kusada zai iya buɗe shi a wayarsa, ya ga yadda aka sauka a wata da kwamfutar da ƙwaƙwalwar aikinta ba ta wuce kilobayit 4 ba. Hoto ɗaya na WhatsApp ya ninka ta sau da yawa.

Na jiya-jiyan nan ma yana tafiya

Wani zai ce ai wannan matsalar zamanin kaset ce, yanzu komai na intanet. Tarihin wasannin bidiyo ya ƙaryata haka. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu. A 2019 shafin MySpace ya amsa cewa ya rasa waƙoƙin da mutane suka ɗora cikin fiye da shekara 10, wajen sauya na'urorin ajiya. A wannan shekara aka rufe BBM na jama'a, manhajar da a da wanda ba shi da lambarta bai cika ɗan gayu ba. Hirarrakin 2go da aka raba dare ana yi, ina suke?

A Arewa ma akwai tarihin gem da ba a rubuta ba. Akwai zamanin gem ɗin kaset da ake jona wa talabijin, wanda kaset ɗaya ke alƙawarin dubban wasanni, a buɗe a tarar guda kaɗan ne ake ta maimaitawa. Akwai wasan maciji na Nokia, wanda ya fara fitowa a 1997, ya zama gem na farko ga mutane da yawa bayan zuwan GSM. Akwai gidajen gem masu janareto, inda ake biya a buga ƙwallon PlayStation, wanda aka ci ya tashi ya ba na layi. Wa ya fara buɗe irin wannan gida a Kankia? Nawa ake biya a wasa ɗaya? Da wane suna yara ke kiran kowane gem? Amsoshin suna kan mutanen da ba su wuce shekara 40 ba, amma babu wanda ya tambaye su.

Babban rumbun ajiyar kiɗa da fim na Arewa a yau yana hannun masu tura waƙoƙi da fina-finai a memori, a kwamfutocinsu na shago. Sun cancanci yabo, domin ta hannunsu tsofaffin waƙoƙi da yawa suka isa kunnen yaran yau. Sai dai rumbu ne mara rajista. Fayil ɗaya sunansa Shata 1, na biye Shata 2, wani kuma jerin lambobi ne kawai da WhatsApp ta raɗa masa. Ranar da kwamfutar ta ƙone, ko mai shagon ya canza sana'a, komai ya tafi.

Da yunwa da rashin tsaro, wa ke ta tsohon kaset?

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za a kawo, kuma ba abin rainawa ba ce. Manomin da ke lissafin kuɗin taki, ko matashin da ke sayen data ta kwana ɗaya, ba shi da lokacin shauƙin Star Trek. Jihar Katsina na da matsalolin da suka fi tsohon fim gaggawa.

Amma rashin tsaron da kansa dalili ne na a gaggauta. Idan aka tashi ƙauye da dare, ba wanda ke tsayawa ɗaukar jakar kaset da hotunan biki da takardun kakanni. Abin da aka riga aka kwafa a waya kawai ke bin mai shi. Sannan a Satumba 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, wanda ya koya wa duk mai hankali cewa abin da ke intanet kaɗai ma ba a hannunsa yake ba.

Akwai kuma maganar kuɗi da suna. A Jos da Yamai, baƙi ne suka zo suka gano abin da ke ajiye, suka tsara shi, suka kai shi kasuwar duniya. Ba su yi laifi ba, aiki suka yi wanda 'yan gida suka bari. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai ga wanda ya san inda tulun yake.

Abu na uku ya shafi masu koyon fasaha kai tsaye. Yaron da ya taso yana ganin kimiyya a matsayin kayan da ake saukewa daga jirgi zai tsaya a matsayin mai saye. Wanda ya san cewa an taɓa bibiyar kumbo daga Kano, kuma mutumin Musawa ya yi wa Apollo waƙa, zai kalli kwamfuta da wani ido daban.

Abin da waya ɗaya za ta iya yi

Aikin bai buƙatar ofis ko kwangila. Duk mai wayar Android na da na'urar ɗaukar murya da hoto da ta fi wadda gidajen rediyo suka yi aiki da ita a 1969.

Na farko, a fara da mutane kafin kayayyaki. A zauna da dattijo a wuri mara hayaniya, a nemi izininsa, a kunna ɗaukar murya. A fara da faɗin ranar da wurin da sunan mai magana, domin ko sunan fayil ya canza, bayanin na cikin sautin. A tambaye shi a ina ya ji labarin zuwa wata, rediyon wa aka taru a kai, me malamai da mutanen gari suka ce, yaushe ya fara ganin talabijin.

Na biyu, kaset. Zafi da laima da ƙura na cin zaren kaset a hankali, don haka kowace damina da ta wuce akwai abin da ya ragu. Mai kwamfuta zai iya haɗa rediyo mai kaset da ita ta igiyar sauti mai kai biyu, ya naɗa da manhajar Audacity, wadda kyauta ce. A ajiye asalin a tsarin WAV, a fitar da MP3 don rabawa. Wanda ba shi da kwamfuta ya ajiye waya kusa da sifika a ɗaki shiru. Ko ba komai ya fi babu. A ɗauki hoton bangon kaset ɗin gaba da baya.

Na uku, suna. Kowane fayil ya ɗauki shekara, da gari, da sunan mai waƙa ko mai magana. In ba a tabbatar da shekarar ba, a rubuta cewa ƙiyasi ce. Ƙarya a tarihi ta fi giɓi illa.

Na huɗu, kwafi uku a wurare daban-daban: ɗaya a waya, ɗaya a memori ko filashi da aka ajiye a wani gida, ɗaya a intanet. A yi hattara da memorin jabu da aka rubuta wa 64GB alhali cikinsa bai kai haka ba, irinsa kan haɗiye fayil ba tare da gargaɗi ba. Status na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, kuma hoton da aka tura ta hanyar da aka saba ana matse shi ingancinsa ya ragu. A tura ta zaɓin Document don ya isa yadda yake. Shafin Internet Archive na karɓar sauti da bidiyo kyauta, Wikimedia Commons na karɓar hotunan da mutum ya ɗauka da kansa, Wikipedia ta Hausa kuma na jiran masu rubuta irin waɗannan labarai tare da madogara.

Na biyar, haƙƙin mallaka. Adana waƙa daban, sayar da ita daban. Iyalan mawaƙa da 'yan wasa na da haƙƙi a kan aikin iyayensu. Wanda ya samu tsohon kaset da ba a san da shi ba, ya fara neman iyalan ya ba su kwafi kafin ya watsa.

Shata ya rasu a 1999. Yaron da ke da shekara 15 ranar da Glenn ya ratsa sararin Kano, yau ya doshi 80. Irinsu na nan a Mawashi da Kusada da Kankia, suna zaune a ƙofar gida bayan la'asar, kuma da yawansu na son a tambaye su. Hira ta minti 30 ba za ta ci wurin da ya kai na fim ɗaya a memori ba, cajin da za ta sha kuma bai kai na kallon TikTok na yamma ɗaya ba.